Bindigar Maame Afrakoma

Ranar da muka yi makokin tsohon makaɗin fada, an harba bindiga a garinmu Odumaso har kunnuwa suka gaji, shi ya sa babu wanda ya kula da ƙara ɗaya da ta fito daga bayan gari. Sai da rana ta take tsaka wata mata da ta je ɗiban ruwa ta dawo a guje, ba tulu ba ɗankwali, tana ihu wai Maame Afrakoma ta harbe ɗanta.

Ni ne Sarpong, bakin sarki, wato Okyeame a harshenmu. Nana, sarkinmu, ba ya magana da jama'a sai ta bakina, kuma masu hassada na cewa ko bai yi magana ba ni ina yi. Nana ya dube ni ya ce in nemo Nkansa mu je mu gani.

Nkansa maharbi ne, shi ne mai bin sawun garinmu. Sa'ana ne. Tun muna yara ni nake surutu shi yana kallon ƙasa, har muka yi furfura babu abin da ya sake.

Kafin mu isa, rabin gari ya riga mu, kowa cikin zanen makoki ja da baƙi kamar daga bandir ɗaya aka yanko mu, kuma gaskiya daga bandir ɗayan aka yanko mu. Gidan Afrakoma shi ne na ƙarshe, daga dangarta ta baya sai gonakin koko. A tsakar gida ga koko shanye a kan asabarin gora, a gindin bango ga buhuna jingine da gurbin wanda aka ɗauke. A wata kafa da ke jikin dangar baya akwai jini, ba kaɗan ba, da takalmi wari ɗaya. Kowa ya gane shi. Twumasi ne kaɗai, ɗanta tilo, ya sa aka yi wa takalminsa ado da zare mai ruwan zinariya. Shi kuwa Twumasi babu shi babu labarinsa.

Afrakoma na zaune a ƙasa, ƙafafu miƙe, bindiga a gabanta. Ba ta kuka. Da tana kuka da ya fi mini sauƙi.

Jama'a kuwa har sun gama shari'a.

"Ashe ɓarawon na cikin gida ne."

"Ni da ma na faɗa, yaron nan idonsa na kan Kumasi."

"Wa ya aiki mace da bindiga?"

Nkansa ya kalli tsakar gidan da aka tattake kamar kasuwar awaki, ya yi tsaki. Ya ce mini, "Sarpong, yi abin da ka iya. Kore su."

Na ɗaga sandar fada na kore su da sunan Nana. Samari suka ce su ba za su zauna ba, ga jini nan a kan hanya za su bi. Nkansa ya ce su bi. Suka bi shi da gudu da ihu har bayan rumfar makoki, inda suka tarar da fatar ragon da aka yanka da safe.

*

Abin ya tsaya mini a rai ne domin da ni aka zaɓi bindigar nan.

Mijin Afrakoma, marigayi Boadu, ya ba ta gonar koko ita da ɗanta tun yana da rai, a gaban shaidu, aka sha abin sha na godiya. Ina cikin shaidun. Da kaka ta kama aka fara yi mata sata, kullum kuma sai ranar da gari ya taru a wani wuri. Da abin ya ishe ta ta je wurin Nkansa ta ce bindiga take so. Ya ce ta nemi kare. Ta ce kare cin abinci yake. Haka muka ɗunguma zuwa birni mu huɗu har da Twumasi, aka yi mata takardar izini, muka shiga shagon mai sayar da bindigogi.

Twumasi ya nufi wata ƙatuwa mai baki biyu kamar ya ga amarya. "Wofa, wannan ce! Ɓarawo na ganinta zai tuba."

Wofa yake ce wa Nkansa, wato kawu, don girmamawa. Nkansa ya miƙa wa Afrakoma ita ya ce ta ɗaga ta riƙe. Ba a jima ba bakin bindigar ya fara zana da'ira a iska, mai shago ya sunkuya bayan kanta. Nkansa ya karɓe, ya ba ta wata 'yar siririya mai baki ɗaya. Wannan ta zauna mata daram.

"Wadda ba ki iya riƙewa ajiya kawai kike yi wa ɓarawo," in ji shi.

Da aka zo kan harsashi aka sake sabuwar rigima. Twumasi na son mai manyan dalma, irin wanda ake kayar da aladen daji da shi. Nkansa ya zaɓi mai ƙanana.

"Haba Wofa, wannan ai na kurciya ne!"

"Maame, wa ke bayan dangarki ta gabas?"

"Maƙwabciyata, da murhunta da jikokinta."

"To manyan dalma ba sa tsayawa a danga. Ƙananan sun isa su kori mutum, kuma in an yi kuskure, likita na da abin yi." Sai ya juya ya dube ta sosai. "Wa ke shigo miki gida ba tare da ya ce agoo ba?"

A wurinmu ko gidan ƙanenka za ka shiga sai ka tsaya a ƙofa ka ce agoo, ka jira a ce maka amee.

Twumasi ya yi dariya. "Ni mana. In yi agoo a gidan ubana? Baƙo ne ni?"

"Daga yau kai baƙo ne. Gidan da aka ajiye bindiga, har mai gida sai ya yi agoo."

Twumasi ya ce ya ji, irin jin da samari ke yi. Da muka dawo Nkansa ya kai Afrakoma bakin rafi ta gwada harbi. Kwana da kwanaki tana yawo da kafaɗa a kumbure tana zaginsa.

*

Nkansa ya tsuguna a gabanta, ya ja bindigar gefe.

"Maame, faɗa mini."

"Me zan faɗa, Opanin? Na haife shi, na harbe shi." Opanin take ce masa, wato dattijo.

"Kin ga fuskarsa?"

"Ya rufa zanen makoki har ka. Ina cikin ɗaki na ji ana jan buhu. Na fito na ce wane ne, shiru. Na sake tambaya, shiru. Na ɗaga bindiga. Ya saki buhun ya ɗaga hannuwa biyu zuwa kansa. Roƙona yake yi, Opanin. Roƙona yake yi, yatsana ya riga ya ja."

"Daga nan?"

"Hayaƙi. Na zube a nan. Da na iya tashi na je danga, sai ga jini, ga takalminsa."

"Me ya sa ɗanki zai ƙi amsa miki?"

Ta sunkuyar da kai. Sai a lokacin muka ji cewa ita da Twumasi ba sa magana. Twumasi ya kwashe harsasan da Nkansa ya zaɓa ya zubar a masai, ya kawo wasu jajaye ya ce su ne na maza, manyan dalma. Ta yi masa faɗa, ya yi fushi, tun daga nan ko gaisuwa sai da hanci. Ba ta gaya wa Nkansa ba don kunya.

"A ina ya samo su?"

"Bai faɗa ba."

Manyan dalma, a tazarar tsakar gida. Na kasa kallonta.

Nkansa ya ce ta kawo sauran. Ya ɗauki ɗaya ya jujjuya a tafin hannu, ya jefa su duka cikin jakarsa. Ya tashi ya tsaya inda ta tsaya, ya tafi a hankali har danga, ya tsaya yana shafa ganyen ayabar da ke wurin kamar mai zaɓen atamfa. Ya dawo.

"Maame, yaya kafaɗa?"

Ta dube shi kamar ya zage ta. Ni ma na ji haushi. Mace na cikin wannan hali kana tambayarta kafaɗa?

"Lafiyarta lau," in ji ta. "Ita ce damuwarka?"

"Ita ce," in ji Nkansa.

*

Da muka fito na tare shi. "Yaro na can yana zubar da jini, kai kana shafa ganye. Ba za ka bi sawun ba?"

"Dubi inuwarka."

Na duba. Tana ƙarƙashin ƙafata.

"Sawu ma haka yake yanzu, ba shi da inuwa. Ga busasshen ganyen koko ya rufe ƙasa. In na shiga yanzu na ɓata shi, na ɓata shi ke nan har abada. Bari rana ta ɗan karkata. Kafin nan, mutum nawa ne a garin nan ke taɓa harsashi ban da ni?"

Muka lissafa uku.

Na farko Atinga, mutumin arewa da ke kula wa Afrakoma da gona ana raba amfani da shi. Jama'a har sun fara nuna shi da baki, don abu in ya ɓace a garinmu baƙo ake fara tunawa. Muka same shi a bukkarsa yana gasa burgu, adda a gefe da jini a jikinta.

"Na san za ku zo," in ji shi. "Ga addar, ga mai jinin a kan wuta. Ku tambaye shi."

"Ba ka je makoki ba?" na tambaya.

"Na je na gaisar na dawo. Ku mutanen nan in kuka fara binne mutum ɗaya sai kun kusa kashe goma da rawa." Sai fuskarsa ta sauya. "An ga yaron? Ni na koya masa fasa koko. Bakinsa ya fi shi girma, amma ba ya sata."

"Ya taɓa neman harsashi a wurinka?" in ji Nkansa.

"Ya nema. Na ce masa nawa na burgu ne, ya yi mini dariya."

Na biyu Donko, mai sayen koko, wanda kowa ya san yana da kwalin harsashi a ƙarƙashin sikelinsa. Shagonsa a buɗe ranar makoki, abin da ya sa na ƙara zarginsa. Yana ganinmu ya fara gumi.

"Okyeame, na rantse da kabarin uwata, buhu ko ɗaya bai shigo nan yau ba."

"Wa ya tambaye ka buhu?"

Ya yi tsuru-tsuru. Na ce a raina mun kama shi. Nkansa ya leƙa bayan shago, sai ga dalilin gumin: matar wani ce zaune a kan buhunan wofi tana cin gyaɗa. Ba zan faɗi sunanta ba, ni ma ina son zaman lafiya.

Na uku Agyekum, ɗan 'yar'uwar marigayi Boadu, shugaban masu harbin makoki. A al'adarmu ɗan 'yar'uwa ne ke gadon kawunsa. Muka same shi a bakin rumfa, fuska duk baƙin albarushi, yana ba samari umarni.

"Wofa Nkansa, wannan abu ya girgiza ni. Ɗan kawuna! Na sha gaya wa matar nan, bindiga ba ludayi ba ce."

"Kana ina da tsakar rana?"

"Haba Wofa! Gari duka ya ji ni."

"An ji ka," in ji Nkansa, ya gyaɗa kai.

Muna tsaye aka sake jera bindigogi don rakiyar wasu baƙi. Masu kallo suka matso har gaban masu harbin, yara da manya, kowa yatsu a kunne yana dariya. Haka muke yi tun kakanni, don harsashin makoki babu dalma a cikinsa, ana zare ta a bar albarushi da tsumma. Nkansa ya tsaya yana kallonsu har na ja shi da hannu.

*

Da inuwa ta fara tsawo muka koma bayan dangar Afrakoma. Nkansa ya sa rana a gabansa, ya durƙusa, ya karkata kai. Ni ganye kawai nake gani.

"Mutum biyu ne," in ji shi.

"Biyu?"

"Ɗaya ya fito daga gida da kaya a ka, dubi yadda dugadugansa suka nutse. Ɗaya ya taho daga gari a guje, suka yi karo a nan." Ya sa hannu cikin ciyawa ya jawo wani guntun gora da aka zare daga danga. Akwai jini da gashi a jikinsa. Ya ajiye shi gefe.

Muka shiga gonar. Ya nuna mini inda mai gudun ya tashi ya bi bayan mai kayan, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu, yana tangaɗi kamar wanda ya sha bammi. Amma ba shi ne ya dami Nkansa ba. Sai tsayawa yake yana auna takun mai kayan da sandata.

"Sarpong, in aka harbe ka da bindiga aka kuskure, yaya za ka bar wurin?"

"Ko zanena ba zai riske ni ba."

"Wannan tafiya yake kamar mai zuwa coci. Daga tsakar gida har danga, daga danga har nan, taku ɗaya bai ƙaru ba."

"To kurma ne?"

"A'a. Kunnensa lafiya lau."

Sawun mai kayan ya fita kan babbar hanya ya narke cikin sawun masu makoki, duk takalmi iri ɗaya. Na mai tangaɗin kuwa ya kauce tun kafin nan, ya gangara wajen tsofaffin ramukan da masu haƙar zinariya suka bari ciyawa ta rufe. Nkansa ya ƙara sauri. Ban taɓa ganin yana sauri ba, abin ya tsorata ni.

A bakin wani rami ciyawa ta kwanta. Muka leƙa. Twumasi na ƙasa a kishingiɗe cikin taɓo, ƙafa a lanƙwashe, fuska duk jini.

Na ƙwala masa kira, shiru. Nkansa ya jefa ɗan tsakuwa kusa da hannunsa. Yatsun suka motsa.

Ni da nake da bakin gari guda, ban san lokacin da na zauna ina kuka ba. Nkansa ya ce in bar kukan in yi ihu, shi ne sana'ata. Na yi ihun da ya kawo samari da igiya. Atinga ne ya shiga ramin ya goyo shi. Aka sa shi a motar masu makoki zuwa asibiti, yana numfashi amma bai san inda yake ba.

*

Labari ya riga mu fada. Yanzu sabuwar shari'ar jama'a ita ce Twumasi da abokin satarsa ne, uwar ta same shi a ka, abokin ya tsere da buhu. Afrakoma na zaune cikin mata ta ɗaure ɗan ƙullin kayanta, ta ce a kai ta wurin 'yan sanda da kanta. Ko ya rayu, in ji ta, da wane ido za ta dube shi?

Nkansa ya raɗa wa Nana magana, Nana ya raɗa mini, na sanar: kafin rana ta faɗi kowa ya hallara a gindin bishiyar fada. Aka ajiye benci a tsakiya, aka zaunar da Atinga da Donko da Agyekum. Atinga ya harɗe hannu. Donko na gumi. Agyekum na ta girgiza kai irin na mai baƙin ciki.

Nkansa ya aiko aka kawo tukunyar ƙasa, ya kife ta a kan turmi ɗan nesa kaɗan da bencin. Ya ɗauki bindigar Afrakoma, ya zaro jan harsashi daga jakarsa ya ɗaga kowa ya gani.

"Maame, wannan cikin naki ne?"

"Shi ne."

"Manyan dalma, na aladen daji. Nana, jama'a na cewa wannan ne ya fasa kan yaro. Bari mu ga abin da yake yi wa kai."

Ya ja da baya, ya ɗura, ya ɗaga.

Duk wanda ya girma a garinmu ya san yadda dalma ke watsuwa. Wuri ya yamutse. Donko ya wuntsila ta bayan benci. Atinga ya yi tsalle ɗaya ya ɓuya bayan bishiya. Mata suka kwashi yara. Ni kuwa, bakin sarki guda, na tsinci kaina kwance a ƙasa, sandar fada a can, zanena a wani wuri. Har yau ana yi mini dariya, kuma har yau ina cewa Nana nake karewa.

Bindiga ta tashi.

Da hayaƙi ya washe, tukunya na nan a kan turmi ko tsaga babu. A kan benci kuwa mutum ɗaya ne ya rage. Agyekum na zaune inda yake, hannuwa biyu a ɗage, yatsu cikin kunnuwa.

A hankali ya sauke hannuwan, amma an riga an gani.

Afrakoma ce ta fara magana. Ta miƙe tana nuna shi. "Haka ya yi. Haka mutumin ya yi. Ashe ba roƙona yake ba."

Nkansa ya zaro wani harsashin, ya yanka bakinsa da wuƙa, ya zazzage a tafin hannu. Albarushi da tsumma.

"Harsashin makoki ne, an mayar da bakinsa an liƙe," in ji shi. "Shi ya sa ganyen ayaba bai huje ba, shi ya sa kafaɗarki ba ta yi ciwo ba. Maame, ko kaza ba ki taɓa ba. Gora aka maka wa ɗanki, ya ji harbi daga wajen gida ya rugo ya cece ki." Ya juya wajen benci. "Kowa a nan ya gudu daga dalma. Kai kaɗai ƙara ka guje wa. Wa ya gaya maka babu komai a ciki?"

"Wofa, ni sabo ne kawai, kullum ina cikin harbi..."

"Ni ma kullum ina cikin harbi," in ji Atinga daga bayan bishiya, "ka ga inda nake."

Dariya ta ɓarke, irin wadda ke zuwa bayan tsoro. Ita ce ta karya Agyekum. Ya tashi yana huci.

"Gonar kawuna ce! Ni ne ɗan 'yar'uwarsa, ni ke da gado! Abin da na ɗauka nawa ne!"

Nana ya yi magana, na tashi na kakkaɓe zanena na isar. Na ce gonar an bayar da ita da rana tsaka a gaban shaidu, kuma shi Agyekum da bakinsa ya sha abin shan godiyar, har ya nemi ƙari. Na ce ko da gonar tasa ce, kan ɗan kawunsa ba nasa ba ne. Wannan na ƙarshen ni na ƙara, Nana bai hana ba.

Aka samo buhun a ɗakin da masu harbi ke ajiye albarushi. Aka tsare Agyekum har 'yan sanda suka zo.

Afrakoma ba ta bi ta kansa ba. Ta je wajen turmi ta ɗauki tukunyar nan, ta jujjuya ta, ta shafa ta ciki da waje. Sai a lokacin kukan ya zo mata. Mata suka rufe ta, mu maza muka kalli wani wajen.

*

Twumasi ya farfaɗo washegari. Likita bai sami dalma ko ƙwaya ɗaya a jikinsa ba. Da bakinsa ya ba da labarin yadda Agyekum ya ja shi gefe ya ce harsashin Nkansa na tsofaffi ne, ga na maza kyauta, kada ya gaya wa kowa.

Na ce wa Nkansa, "Ka ga ikon Allah. Da mugun nan bai zare dalmar ba, da yanzu wani labarin ake."

"Da wanda na zaɓa ne a ciki, da Agyekum bai shigo ba sam," in ji shi. Sannan ya ƙara, "Amma da wata rana yaron ne zai shigo ba agoo, dalmar ta same shi."

Afrakoma ba ta rabu da bindigar ba. Nkansa ya sake kawo mata masu ƙananan dalma, ya sa ta riƙe ɗaya a hannun dama, na makoki a hagu, har ta gane bambancin nauyinsu ido rufe. Ya kuma kawo mata ɗan kwikwiyo. Ta ce ai ta faɗa masa kare cin abinci yake. Yanzu ita da kwikwiyon tare suke cin sakwara.

Ranar da aka sallamo Twumasi muna gidan ni da Nkansa, ana juya koko a kan asabari. Muka ji mota ta tsaya, muka ji ƙwas-ƙwas ɗin sandar guragu tana matsowa. Ƙofar a buɗe take, yana iya ganin uwarsa, ita ma tana ganinsa, kai naɗe da farin ƙyalle. Sai ya tsaya a bakin ƙofar gidan ubansa, ya gyara tsayuwa a kan ƙafa ɗaya.

"Agoo," in ji shi.

Afrakoma ta buɗe baki, murya ta ƙi fita. Ta sake gwadawa, ta ƙi. Yaron kuwa ya ƙi motsawa, yana tsaye yana jira, gumi na zubo masa.

Na matsa zan amsa mata, tunda amsa wa mutane ne aikina. Nkansa ya riƙe mini hannu.

Ta goge tafukanta a zani.

"Amee," in ji ta. "Amee, ɗana. Shigo."